Hanta Da Jini: Yadda Masu Bincike Suka Gano Ƙwayoyin Ciwon Hanta

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga mutum biyu sun shaƙu, ba a ganin ɗaya sai da ɗayan, yakan ce sun zama kamar hanta da jini. Idan kuma tsoro ya kama mutum, sai a ce hantarsa ta kaɗa. Wannan ya nuna cewa hanta tana da matsayi a tunanin Hausawa tun fil azal. Sai dai duk da yawan ambatonta a baki, kaɗan ne daga cikinmu suka san aikinta, balle cututtukan da ke cinye ta a ɓoye. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, an ƙiyasta cewa a shekarar 2022 ƙwayoyin ciwon hanta sun kashe mutum miliyan 1.3, wato kimanin 3,500 a kowace rana. Wannan maƙala za ta duba yadda masu bincike suka bi sawun waɗannan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, da abin da binciken ya haifar, da kuma abin da ya rage a gabanmu.

Aikin Hanta Da Ma'anar Shawara

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙari ta hannun dama, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Yawancin abin da hanji ya tsotsa daga abinci, ta hanta yake fara bi kafin ya bazu a jiki. Ita ke adana sukari ta sake shi lokacin da ake bukata, ita ke sarrafa magunguna da guba, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, kuma ita ke samar da ruwan ɗaci da ke taruwa a maɗaciya domin narkar da maiƙo.

Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kimanin kwana 120 su mutu. Idan sun mutu sai su bar wani sinadari ruwan ɗorawa, wanda hanta ke kwashewa ta zubar ta cikin ruwan ɗaci. Idan hanta ta gaza, ko hanyar ɗacin ta toshe, ko ƙwayoyin jinin suka riƙa mutuwa fiye da kima, sai sinadarin ya taru, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Wannan shi ne abin da muke kira shawara. Ke nan shawara alama ce da cututtuka daban-daban kan zo da ita: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, da tsakuwar maɗaciya, da zazzaɓin shawara, da kuma kumburin hanta da ƙwayoyin bairos ke haddasawa. Wannan na ƙarshe shi ne batunmu, kuma manyan ƙwayoyinsa biyar ne, waɗanda aka laƙaba wa haruffan A, B, C, D da E.

Alamun Farko

Likitoci sun daɗe suna ganin shawara tana ɓarkewa a sansanonin soja da wuraren da ruwan sha ya gurɓata. Amma a 1883 wani abu ya faru a wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke birnin Bremen na ƙasar Jamus wanda ya nuna wata hanyar dabam. An yi wa ma'aikata 1,289 lambar agana da maganin da aka haɗa da ruwan jikin ɗan'adam, sai 191 daga cikinsu suka kamu da shawara bayan wasu makonni ko watanni. A 1942 irin haka ta sake faruwa, amma a babban mataki. Sojojin Amurka kimanin 50,000 suka kwanta da shawara bayan an yi musu allurar rigakafin zazzaɓin shawara da aka gauraya da ruwan jinin mutane. Daga nan aka daina sa ruwan jini a wannan allura. Masana suka fahimci cewa cutar iri biyu ce: mai bin abinci da ruwan sha, da mai bin jini. A 1947 wani likitan Ingila mai suna MacCallum ya ba da shawarar a kira ta farko A, ta biyu kuma B.

Wanda ya tabbatar da wannan rabe-rabe shi ne Saul Krugman, amma ta hanyar da har yau ake tir da ita. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1970, shi da abokan aikinsa sun riƙa sa wa yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa cutar da gangan a makarantar Willowbrook da ke birnin Niyok. Sakamakon da suka buga a 1967 ya nuna cewa lalle ƙwayoyin biyu ne, amma labarin ya zama darasin da ake koya wa ɗaliban likitanci kan haƙƙin wanda ake bincike a kansa.

Blumberg Da Ƙwayar B

Wani abin mamaki shi ne, wanda ya gano ƙwayar B ba ita ya fita nema ba. Baruch Blumberg likita ne Ba'amurke da ke son sanin dalilin da ya sa jinin al'ummomi ya bambanta, kuma me ya sa wasu ke kamuwa da cutar da wasu ba sa kamuwa da ita. Saboda haka ya riƙa yawo yana tara jinin mutane, har ma ya zo Nijeriya a 1957 ya ɗebi jinin al'ummomi da dama, ciki har da Fulani makiyaya.

Dabararsa ita ce amfani da jinin marasa lafiyar da aka sha yi wa ƙarin jini. Irin waɗannan mutane jikinsu ya haɗu da jinin mutane barkatai, don haka garkuwar jikinsu ta ƙera makamai a kan duk wani baƙon abu da ta tarar. Sai ya riƙa haɗa jininsu da jinin da ya tara, yana duba inda za a yi karo. Shi da wani matashin likita mai suna Harvey Alter suka ga jinin wani majinyaci a Amurka ya yi karo da wani sinadari a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Suka buga wannan a 1965, suka kira abin "sinadarin Ostireliya", ba tare da sun san ko mene ne ba. Tsakanin 1966 da 1968 aka gane cewa sinadarin yana tare da ciwon hanta mai bin jini. A 1970 David Dane a Landan ya ga ƙwayar kanta da madubin likita mai aiki da lantarki, aka tabbatar cewa sinadarin Ostireliya ɓawon ƙwayar ne. An ba Blumberg lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka ware a matsayin Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Amfanin farko da aka samu shi ne gwajin jini kafin a ƙara wa mutum. Na biyu shi ne rigakafi. Tun da ɓawon ƙwayar shi kaɗai ba ya sa cuta, idan aka sa shi a jiki sai garkuwa ta koyi kamanninsa, ta zauna a shirye. A 1981 aka amince da allurar farko a Amurka, wadda ake tace ɓawon daga jinin masu ɗauke da cutar. A 1986 aka samu wadda ake sa ƙwayoyin yis su ƙera ɓawon, babu ruwanta da jinin kowa, kuma irinta ce ake amfani da ita a yau.

Daga Ƙwaya Zuwa Ciwon Daji

An daɗe da lura cewa ciwon dajin hanta ya fi yawa a Afirka ta kudu da Sahara da gabashin Asiya, inda ƙwayar B ta fi yawa. Amma haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta isa hujja ba. Don haka Palmer Beasley ya bi diddigin maza 22,707 a Taiwan, ya gwada su tun suna lafiya, sannan ya jira ya ga wa zai kamu. Sakamakon farko ya fito a 1981, kuma da aka ci gaba da bibiya sai aka ga cewa mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba ya ɗauke da ita haɗarin dajin hanta kusan sau ɗari. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kuma a 1997 aka buga rahoton da ya nuna dajin hanta a tsakanin yara ya ragu da kusan rabi. A nan Afirka ta Yamma, an fara irin wannan bincike a Gambiya a 1986, kuma ya nuna cewa yaran da aka yi wa allurar ba safai suke zama masu ɗauke da ƙwayar ba.

Dalilin da ya sa aka fi damuwa da jarirai shi ne, shekarun da mutum ya kamu su ke yanke makomarsa. Baligin da ƙwayar B ta shiga jikinsa, garkuwarsa kan far mata, wataƙila ya yi shawara ya sha jiki, amma fiye da kashi 95 cikin ɗari sukan rabu da ita. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta ƙosa ba, sai ta bar ƙwayar ta zauna. Kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu za su rayu da ita. Shekara ashirin, talatin, arba'in, garkuwar jiki tana kai farmaki jefi-jefi a kan ƙwayoyin hantar da cutar ta shiga, kowane farmaki yana barin tabo. Tabo a kan tabo, sai hanta ta ƙandare ta motse, ciki ya tara ruwa, wani ya yi aman jini, wani kuma daji ya tsiro masa. Saboda hanta na iya ci gaba da aiki ko da wani sashenta ya lalace, mutum kan yi shekaru bai ji komai ba.

Akwai kuma abin da ke ƙara rura wutar. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Birazil. Bincike ya gano wata guba da wata irin fumfuna ke fitarwa, aka kira ta afalatoksin. Wannan fumfuna tana kama gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba, ko aka adana a wuri mai laima. Wani bincike a birnin Shangai na ƙasar Sin ya nuna cewa wanda ya haɗa ƙwayar B da wannan guba, haɗarin dajin hantarsa ya ninka kusan sau 60. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da gyaɗa da masara ke cikin cimarmu ta kullum. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona domin rage gubar.

A, D Da E

A 1973 Feinstone da Kapikian da Purcell suka ga ƙwayar A a cikin bayan gidan marasa lafiya a Amurka. Tana bin gurɓataccen ruwa da abinci, ba ta zama a jiki, kuma wanda ya yi ta sau ɗaya ba ya sake yi. A 1977 Mario Rizzetto ya gano D a birnin Turin na Italiya. Ita wannan ba ta iya rayuwa ita kaɗai, sai ta ari ɓawon B, don haka mai B kawai take kamawa, kuma idan suka haɗu hanta ta fi saurin lalacewa. Wanda aka yi wa rigakafin B ya tsira daga D.

Ita kuwa E, wani masanin Tarayyar Sobiyet ne mai suna Mikhail Balayan ya tabbatar da ita a 1983. Ya tace bayan gidan sojojin ƙasarsa da suka kamu da shawara a Afganistan, ya sha da kansa, ya kwanta ciwo, sannan aka ga ƙwayar a bayan gidansa. E tana bin ruwan sha kamar A, amma ta fi haɗari ga mata masu ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, inda takan kashe kusan ɗaya cikin biyar ko fiye. A 2017 ta ɓarke a tsakanin 'yan gudun hijira a Jihar Diffa ta Nijar da kuma Ngala a Jihar Borno. Ƙasar Sin ta amince da allurar rigakafinta a 2011.

Ƙwayar Da Ta Ƙi Ganuwa

Bayan an fara gwada jini, sai Harvey Alter ya lura cewa har yanzu waɗanda aka ƙara wa jini suna kamuwa da ciwon hanta, kuma gwaji ya nuna ba A ba ce, ba kuma B ba. A 1975 aka ba ta sunan wucin gadi, wato "ba A ba, ba B ba". A 1978 aka nuna cewa jinin irin waɗannan majinyata yana sa wa biran cimfanzi cutar. Amma aka shafe fiye da shekara goma ba a ga ƙwayar da madubi ba, ba a kuma iya renonta a ɗakin gwaji ba.

Michael Houghton da Qui-Lim Choo da George Kuo, tare da Daniel Bradley, suka sauya salo. Suka kwashe duk sinadaran gado da ke cikin jinin wani biri mai cutar, suka daddatsa su, suka sa kowane guntu a cikin ƙwayoyin bakteriya domin su ƙera abin da guntun ke umurta, sannan suka riƙa gwadawa da jinin majinyaci, da fatan garkuwarsa za ta gane guntun da yake na ƙwayar. Bayan shekaru ana faɗi-tashi, guntu ɗaya ya amsa. A 1989 suka sanar da ƙwayar C, a 1990 aka fara gwada jini dominta. A 1997 Charles Rice ya nuna cewa ƙwayar ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar. Alter da Houghton da Rice sun sami lambar Nobel a 2020.

Maganin farko shi ne allurar intaferon, daga baya aka haɗa ta da ƙwayar ribabirin. Akan yi kusan shekara guda ana fama da zazzaɓi da kasala, kuma kusan rabi ne kawai ke warkewa. Da masana a Jamus suka samu hanyar sa sinadarin gadon ƙwayar ya hayayyafa a ɗakin gwaji a 1999, sai ƙofar gwada magunguna ta buɗe. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbubir, wanda ke toshe injin da ƙwayar ke kwafar kanta da shi. A yau ƙwayoyin magani na mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Da farko kuɗinsa a Amurka dala 84,000 ne, amma da aka ba kamfanonin Indiya da wasu ƙasashe damar yin irinsa, farashin ya faɗi ƙwarai.

Masar ce ta nuna wa duniya abin da za a iya yi. A yaƙin da ta yi da tsargiya daga shekarun 1950 zuwa 1980, an yi wa miliyoyin mutane allura da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba, har ta kai a 2008 kusan ɗaya cikin goma na manyanta yana ɗauke da C. A 2018 ta ƙaddamar da gagarumin gwaji, aka gwada mutum kusan miliyan 50 cikin wata bakwai, kuma jimillar waɗanda aka yi wa magani ta wuce miliyan 4. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinare a kan hanyar kawar da cutar, ita ce ta farko da ta samu.

Inda Aka Kwana

Kowace daga cikin manyan biyun tana da giɓinta. C tana da magani amma ba ta da rigakafi, saboda tana yawan sauya kama. B tana da rigakafi amma ba ta da maganin da zai tumɓuke ta, saboda tana ɓoye kwafin sinadarin gadonta a can cikin cibiyar ƙwayar hanta, inda magungunan yanzu ba sa taɓa shi. Tenofobir da entekabir suna danne ta su rage haɗarin ƙandarewa da daji, amma yawanci shan su ake yi har iya rayuwa. A 2012 masana a birnin Beijin suka gano ƙofar da B da D ke bi su shiga ƙwayar hanta, kuma a 2020 Tarayyar Turai ta amince da maganin D mai toshe wannan ƙofa. Ana ci gaba da gwada magungunan da za a sha na ɗan lokaci su kwantar da B gaba ɗaya.

Alƙaluman 2022 sun nuna mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 ke ɗauke da C, kuma kashi 13 cikin ɗari ne kawai na masu B aka gwada aka gano. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya sami B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, C kuma kashi 1.1. Wato a ajin ɗalibai sittin, a lissafi ana iya samun biyar masu B. Tun 2004 allurar B ta shiga jerin rigakafin yara a ƙasar nan, amma wanda aka haifa kafin nan, ko aka haifa a gida ba a kai shi asibiti ba, mai yiwuwa bai samu ba.

Kammalawa

Abin da wannan dogon bincike ya bar mana a hannu ba shi da wahalar fahimta. Kowa ya gwada jininsa, idan babu ƙwayar B a yi masa allura uku. Jariri ya sami allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma a mako na 6 da na 10 da na 14. Mai ciki ta yi gwaji, domin akwai maganin da ke rage yiwuwar ta sa wa jaririnta. Ƙwayar B tana iya kwana bakwai a kan ƙarfe ba ta mutu ba, don haka aska da reza da allura da ƙahon wanzami da abin yankan farce duk suna bukatar a sabunta su ko a tafasa su. Wanda aka gano yana da ita ya guji giya da jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke ciki ba, ya riƙa ganin likita ko da yana jin garau. Ba a ɗaukar B ko C ta musabaha, ko zufa, ko cin abinci a kwano ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024 wadda ta haɗa da ciwon hanta, kuma ya kamata a sani cewa samun B ba dalilin fasa aure ba ne, tun da rigakafi na kare abokin zama.

Ga ɗalibin harshe kuwa akwai aiki na musamman. Muddin kalmar shawara ce kaɗai ke bakin jama'a, mai ido fari zai ɗauka lafiyarsa lau, alhali yawancin masu B da C ba su taɓa ganin ɗorawa a idonsu ba. Haka kuma idan mai fassara ya ce "ciwon hanta yana warkewa" ko "ba ya warkewa" bai faɗi wane iri ba, ya ɓatar da rabin masu sauraronsa. Daga cikinmu ne za a sami masu fassara sanarwar asibiti da masu karanta labarai a rediyo, kuma da kalmomin da muka zaɓa ne uwa a ƙauye za ta yanke shawarar kai jaririnta allura ran da ta haife shi ko ta bari sai bayan suna. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.